Yadda Muka Raba Kwamfutar Kawu a Malanbil

Tunda na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Birnin Kebbi, ko waya ya kawo gyara ko inuwa kawai ya zo sha, sai ya ce, "Lawali, ya Malanbil?" Na ba da labarin har ya fara dawo mini da sabuwar riga. Wani ya ce ya ji wata guda na yi, wani kuma ya rantse an tsare ni a kan iyaka da kayan leƙen asiri. Kwana huɗu na yi, kuma babu wanda ya tsare ni. Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Kawu Mamman ƙanen mahaifiyata ne, ya fi shekara talatin a Malanbil yana fataucin albasa. 'Yarsa Balkisa, taubashiyata, ta yi karatun kwamfuta a Paraku, aka kira ta jarrabawar neman aiki a Kwatano ranar wata Litinin. Aikin na gwajin tsaro ne: kamfani ya ba ka izini ka gwada kutsawa cikin kwamfutocinsa, ka nuna masa ƙofar da ba ta rufu ba kafin ɓarawo ya gano ta. An ce kowa ya zo da kwamfutarsa, da tsarin aiki na musamman mai ɗauke da kayan gwajin a cikinta. Ta Balkisa ta tsufa, ba ta iya ɗaukarsa. A gidan kaf ta Kawu ce kawai mai ƙarfi. Kawu ya ce ya yarda ta tafi da ita, amma da sharaɗi biyu: kada a taɓa masa komai, sabon tsarin ya zauna a gefen tsohon, sannan injiniya ne zai yi aikin, ba yarinya ba. Injiniyan dangi kuwa ni ne, ko da yake takardar da na rataye a shagona ta kwas ɗin wata shida ce.

Ranar Alhamis da safe na hau motar Kamba. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani tela da ya rungumo kan kekensa na ɗinki a cinya. Kuskurena ɗaya, na faɗa masa sana'ata. Daga nan har Kamba muna kan maganar abin da ke sa wayarsa zafi, duk ramin da muka faɗa kuma kan keken ya sauka a gwiwata. Da muka rabu ya yi mini addu'a mai tsawo, na amsa da amin ina ɗingishi.

Daga Kamba aka shiga Nijar, daga Gaya aka nufi gadar kogin da ake ƙetarewa zuwa Malanbil. Iyaka biyu a yini ɗaya, ga mutumin da bai taɓa wuce Yawuri ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne layin manyan motoci, wanda ban ga ƙarshensa ba. Direbobi sun mai da ƙarƙashin motocin gida: wani na dafa shinkafa, wani ya shanya wanki a jikin madubi, wani an zaunar da shi ana yi masa aski. Na ratsa su da ƙafa da jakata a kafaɗa, ina gaida duk wanda muka haɗa ido.

A ɗaya bakin gadar wani jandarma ya ce in buɗe jaka. Ya fito da sukundireba uku, ya fito da faifan ajiyata, ya ɗaga ɗan filas ɗin kwamfuta da na zuba sabon tsarin a ciki.

"Wanga hwa? Mi ka ciki?"

Hausarsa ta fi tawa daɗi. Na fara yi masa bayani, ina jin kaina ina cewa "kutsawa" da "gwajin tsaro" a gaban mai kaki. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya sa hannu a aljihu. Wayarsa ya fito da ita. Hotunan sunan 'yarsa sun ɓace tun wata biyu, matarsa ba ta bar shi ya sha ruwa ba. Na same su a wani wurin ajiya da bai san da shi ba. Ya kira abokan aikinsa biyu suka ga jaririyar, sannan ya tare mini ɗan acaba da kansa. Can ana ce musu zemijan.

Balkisa ce ta tarbe ni a ƙofar gida. Rabona da ita tun tana 'yar makarantar firamare, amma wasan taubasai ba ya tsufa.

"Lale da babban injiniya! Ashe gajere na? Yadda Baba ka zancenka, na zaci sai an cire ƙyaure kahin ka shiga."

Na ce ai gara ni, ba a tura ni Paraku shekara uku na dawo ina jiran wani ya kunna mini kwamfuta ba. Ta yi dariya, amma ba ta rama ba. A lokacin na ɗauka na ci wasan.

Aka sauke ni a ɗakin da ke jikin rumbun albasa. Kwana huɗu duk abin da na taɓa sai ya yi warin albasa, har buroshin haƙorina. Abinci kam ba a magana. Sakwara da miyar gyaɗa da cukun Fulani da suke kira wagashi, wanda ake soyawa har ya yi ja. Da safe burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo, ba irin namu mai sukari ba. Kifi kuwa daga kogi sai tukunya. Na ci har matar Kawu ta tambaye ni ko ana yunwa a Kebbi.

Magana ma sai da na koya. Hausa ɗaya muke yi, amma kwamfuta a can ordinatar ce, wutar lantarki kuran, filas kuma kile. A tsakiyar zance sai su juya yaren Dendi, su bar ni ina murmushi ni kaɗai. Cajata mai ƙafa uku ta ƙi shiga soket ɗinsu mai rami biyu. Na fita neman abin haɗi da azahar, na tarar shagunan da nake nema a rufe, masu su sun tafi cin abinci da hutawa sai wajen la'asar. A Kebbi in ka rufe shago da rana tsaka, maƙwabta za su zo gaisuwar rashin lafiya.

Ranar Juma'a da hantsi Kawu ya fito da kwamfutar daga cikin akwati, a naɗe da sabon rawani. Na ce kafin a yi komai sai an kwafe duk abin da ke ciki a ajiye gefe, domin za a yanka faifan ciki gida biyu, kuma yanka ko a hannun gwani yana iya zamewa. Na fito da faifan ajiyata. Kawu ya ɗora hannu a kan murfin kwamfutar.

"Ba a kwahe uwata."

Sai a lokacin na san abin da ke ciki. A shekarar ƙarshe ta Iya, kakarmu, Balkisa ta ɗauki muryarta tana ba da tarihin gidanmu, daga Argungu zuwa Gaya zuwa nan, wane ya haifi wane, da waƙoƙin da take yi in tana daka. Duk Juma'a bayan la'asar gidan na zama a saurara. Kawu ya ce ya ga yadda ake yi. Yau abu yana cikin gida, gobe yana wayar kowa, jibi 'yan tasha na saurare suna dariya. Muryar uwarsa wuri ɗaya take, kuma wuri ɗaya za ta zauna.

Na ce, "Kawu, in ba a kwahe ba, ni ba ni yanka."

Ya ce, "To, kada a yanka."

Ya mai da ita cikin rawaninta. Motar Balkisa ta Lahadi da safe ce. Na dube ta, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don wahalar hanya ba, sai don na ga yarinya ta yi karatu shekara uku, abin da ya rage tsakaninta da jarrabawa taurin kan mutum biyu ne, kuma ɗaya daga cikinsu ni ne.

Bayan la'asar aka kunna Iya kamar yadda aka saba. Shekara shida rabona da muryar, ko a waya. Ta yi tari, ta ce a rufe mata ƙofa kaji na shigowa, sannan ta fara lissafa kakanni. Na yi hawaye, ban ɓoye ba. Na kuma ƙara tabbata ba zan sa wuƙa a faifan nan ba sai da kwafi.

Da aka watse Balkisa ta same ni a bakin rumbu. Ta ce a gidansu ba a raba komai sai da bakin Inna Hajo, ko gona ce, ko naman layya, ko turmin atamfa. Inna Hajo ita ce babbar yayar Kawu da mahaifiyata, tana zaune a Garu. Ta ce, "Kai kac ce yanka za a yi a raba gida biyu. To, rabo na. Rabo kuwa nata na."

Asabar da sassafe muka hau babur ɗin gidan, ita ke tuƙi. Na so in yi gardama, ta tambaye ni ko na san hanya. Muka bi ta tsakanin gonakin shinkafa, a wani kwazazzabo tayar baya ta zame, na sauka da ƙafa ɗaya cikin taɓo har idon sawu. Wasu mata masu cirar albasa suka yi ta ce mini fofo, wato sannu, suna dariya. Haka na shiga gidan Inna da takalmi ɗaya baƙi ɗaya fari.

Mun same ta tana juya kifi a kan waya. Ta riƙe kunnena ta ce na yi kama da ubana, ba yabo take nufi ba. Sai da muka sha fura sannan ta saurari ƙarar. Ba ta katse mu ba. Da muka gama ta ce in nuna mata irin abin da ake kwafewa a ciki. Na fito da filas.

"Wanga ɗan abu shi ka ɗaukar uwammu? Matad da ba ta shiga ɗaki sai ta duƙa?"

Na ce zai ɗauke ta har da sauran wuri. Ta juya shi a tafin hannunta, ta miƙo mini, ta shiga ɗaki ta sako mayafin fita.

Kawu na ganin yayarsa ta sauko daga zemijan ya miƙe tsaye, ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Mutumin da 'yan dako ke rawar jiki in ya yi gyaran murya. Inna ta zauna a tabarmarsa ta yanke hukunci. A sayo kile sabo fil, wanda bai taɓa shiga ordinatar kowa ba. A kwafe Iya a gabanta. A kunna ta ji da kunnenta cewa Iya ce. Sannan ita za ta ƙulle shi a ƙyalle ta sa a kwallarta ta ƙarƙashin gado, inda ko 'ya'yanta ba sa sa hannu.

"Ko kai kaɗai tah haihwa, Mamman?"

Kawu ya ce, "A'a, Yaya."

Aka yi yadda ta ce. Sauran kayansa, hotuna da takardu, ya yarda na kwafe a faifaina. Sannan aka zo rabo. Na nuna musu faifan a kan allo, doguwar sanda a kwance, na ce daga nan zuwa nan na Kawu ne, abin da ya rage za a yankar wa Balkisa. Kawu ya matso da tabarau, ya ce a nuna masa iyaka. Na nuna. Ya ce a matsa ta gaba, nasa ya yi kaɗan. Inna ta tambayi nawa ya cika a cikin nasan, na ce ko kwata bai kai ba. Ta ce a raba daidai. Kawu ya ce hotunan albasa na ƙaruwa duk kaka. Inna ta ce albasar bana da ta bara fuskarsu ɗaya. Aka raba daidai, aka yi bismilla, na danna.

Aikin ya ɗauki tsakiyar rana. Haruffan allon rubutunsu ba a jere suke kamar namu ba, na Faransa ne, don haka na koma rubutu da yatsa ɗaya ina neman kowane harafi. Ana tsakiyar zuba tsarin kuran ya ɗauke, ga cajin kwamfutar saura kaɗan. Kafin in buɗe baki Balkisa ta jawo waya daga ƙarƙashin tabarma. Ashe tun safe ta aro batir daga wani maƙwabci ta haɗa ta ajiye. Na ce a raina yarinyar nan akwai tsari, amma ban yi tunani ya wuce nan ba.

Aka gama, na cire filas, na sake kunnawa. Abin da ya kamata ya fito shi ne jerin suna biyu, mutum ya zaɓi wanda zai shiga. Jerin ya fito, amma sabon tsarin ne kawai a kai. Na kashe na kunna. Haka. Na sake. Haka dai.

Kawu ya ce, "Ina nau?"

Na ce yana nan, Kawu, bai dai fito ba.

"In shina nan, buɗe shi."

Gaskiya ita ce aikina na kullum canja gilashi ne da wanke ƙwayar cuta. Irin wannan haɗin sau biyu na taɓa yi, shekaru da suka wuce, kuma a lokacin sunayen da kansu suka fito. Na shiga nan, na fita can, gumi na ɗiga a kan hannuna. Iya tana cikin ƙyallen Inna, wannan na sani, amma Kawu ba ƙyalle yake kallo ba. Allo yake kallo, kuma a allon babu shi. Na ɗaga kai na faɗa masa gaskiya, na ce ban san abin da ya hana ba.

Kawu ya miƙe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Goge nata, ka maido min abina yadda yake. Ba ta tahiya da ita ko'ina."

Na dubi Inna, goronta kawai take ci. Sai Balkisa ta matso ta durƙusa a gaban ubanta.

"Baba, ka ba ni izini in taɓa."

Ya dube ta. Sannan ya koma ya zauna, ya ce, "Taɓa."

Ta juyo da kwamfutar wajenta. Ta ce da ni a hankali, yadda Kawu ba zai ji ba, sababbin fitowar tsarin nan ba sa neman maƙwabci, wato tsohon tsarin da ke gefensu, sai an umarce su, layi ɗaya ne ake buɗewa. Ta buɗe baƙar taga, ta yi rubutu da yatsu goma ba ta ko duban haruffan. Ban kai ga goge gumina ba ta sake kunnawa. Suna biyu suka fito. Ta kama yatsan ubanta ta ɗora a kan maɓallin sauka, ta ce ya danna, sannan ya danna babban maɓallin. Ga hoton motarsa shaƙe da buhunan albasa, kamar yadda ya bar shi. Ya buɗe wurin Iya da kansa. Ta yi tari, ta ce a rufe mata ƙofa.

Inna ta ce, "An ruhe, Iya."

Kawu ya bari ta kai kan kaka na uku sannan ya tsayar. Ya dubi 'yarsa.

"Tun yaushe kinka iya wanga?"

"Tun shekarata ta biyu Paraku, Baba."

"Kuma kinka bari nik kira Lawali tun daga Kebbi?"

"Kai kac ce sai injiniya."

Inna ta yi dariya har goro ya sarƙe ta, sai da aka ba ta ruwa. Ni kam kunya ta kama ni, musamman da na tuna abin da na faɗa mata a ƙofar gida. Amma kunyar ba ta daɗe ba, daɗi ya fi ta yawa. Na ce da Balkisa ta nuna mini layin nan, na rubuta shi a bayan takardar shiga ƙasa. Ta ce za ta nuna mini, amma daga yau in ta kira ni gajere ba ni da bakin ramawa.

Lahadi da safe muka raka ta tasha. Na miƙa hannu zan ɗauki jakar kwamfutar, Kawu ya riga ni. Shi ya rataya ta a kafaɗa, ya ratsa kasuwa da ita, mutumin da ko ledar goro ba ya ɗauka da kansa. Duk wanda ya gaishe shi sai ya tsaya ya ce 'yarsa za ta Kwatano jarrabawar ordinatar, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Saura kaɗan motar ta tashi ta bar ta.

A bakin motar ya miƙa mata jakar da hannu biyu.

"Can ma kina iya jin Iya?"

"Ina iya, Baba."

"To, ki ji ta kahin ki shiga. Amma ke kaɗai."

Ta ce to, ta shiga, motar ta tashi. Muka tsaya har ta sha kwana. Kawu ya ciro hankici ya share fuska, ya ce rana ta yi zafi, alhali ko hantsi bai yi ba. Sannan ya dafa kafaɗata muka juya.

"Lawali, na gode, ka yi ƙoƙari. In ta sake lalacewa ba sai ka ƙetare gada ba, muna da mai gyara. Kai dai ka riƙa zuwa gaishe mu."